Filin Tambayoyinku: Yaran aji ɗaya ba su iya ɗebewa ba, in bi takarda ko in koma baya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An tura ni koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandaren je-ka-ka-dawo a ƙauye, aka ba ni aji ɗaya, yara sun haura 80 a ɗaki guda. Shugaban makaranta ya miƙo mini tsarin darussan zango, ya ce in bi shi mako-mako saboda masu duba makarantu. Da na gwada yaran sai na tarar da yawansu ba su iya ɗebewa mai aro ba, balle rabawa. Yaya zan yi? Daga wata malama a Jihar Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya taya ki riƙo. Takardar da ke hannunki daga manhajar NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, aka tsamo ta, kuma an gina manhajar ne a kan tsarin shekara tara na ilimin bai-ɗaya da dokar UBE ta 2004 ta kafa: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Mai rubuta ta ya ɗauka duk yaron da ya iso gabanki ya ƙoshi da karatun shekara shidan farko. Ni da ke mun san yaro kan haye aji zuwa aji ko ya iya ko bai iya ba. Don haka kafin ki buɗe takardar, sai kin san inda kowannensu ya tsaya.

A makon farko ki ba su tambayoyi biyar kacal, kuma ki gaya musu ba jarrabawa ba ce don kada su kwafi na juna. Su rubuta dubu uku da biyar da lambobi. Su ɗebe 178 daga 402. Su faɗi 7 sau 8. Su raba 96 gida 4. Su ce wanne ya fi girma, 1/3 ko 1/4. Idan kin zo dubawa, kada ki tsaya ga ba da maki, amsoshin da ba daidai ba su za ki zuba wa ido. Yaron da ya rubuta 376 a maimakon 224 ba cinta ya yi ba. Ya bi kowane layi ya cire ƙaramar lamba daga babba, 8 ban da 2, 7 ban da sifiri, 4 ban da 1. Wannan yaro ya iya ɗebewa, abin da bai gane ba shi ne cewa 4 ɗin nan ɗari huɗu ce, ana iya farfasa ta. Wanda ya rubuta 30005 ko 305 a maimakon 3005 ciwonsu ɗaya da shi. Wanda kuwa ya ce 1/4 ya fi 1/3 don huɗu ta fi uku, shi ne gobe zai tara 1/2 da 1/3 ya kawo miki 2/5.

Daga nan ki kasa ajin gida uku gwargwadon abin da kika gani, ki sauya musu wurin zama. Wannan ba sabon abu ba ne. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yi fice da koyar da yaro daidai matakinsa, kuma an gwada tsarin a Kano ƙarƙashin shirin KaLMA na ƙarfafa karatu da lissafi a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa. Kada dai ki raɗa wa rukunin baya wani suna, don yara ba sa manta irin wannan.

Batun shugaban makaranta kuma, ba sai kun yi jayayya ba. Ki duba takardar da kyau: makonnin farko na aji ɗaya a kan cikakkun lambobi suke, ƙirga har miliyan da biliyan. Gurbin lamba ke nan, wato darajar lamba gwargwadon inda take zaune, ɗaya ko goma ko ɗari, abin da yaranki suka rasa. Ki fara daga ƙasa ki hauro. Ki sa su kawo tsinken tsintsiya, a ɗaure goma-goma da roba, a haɗa ɗauri goma ya zama ɗari. Ki ce wa yaro ya ba ki 178 daga ɗauri huɗu na ɗari da tsinke biyu. Da hannunsa zai kwance ɗauri, kuma aron da ake ta faɗa masa tun firamare ke nan. Yarinyar da ke tallan gyaɗa tana ba da canjin naira 1,000 ba ta kuskure, sai ki fito da ita ta nuna wa aji yadda take yi a ka, ke kuma ki rubuta a allo.

Kowane darasi, ki ware minti goman farko don jadawalin sau, zango guda cur. Amma ban da rera shi kamar waƙa daga 2 sau 1. Ki riƙa jefa tambaya ta tsakiya, 6 sau 9, 8 sau 7, sannan ki juya ta: 56 a raba gida 7. Yaron da bai riƙe wannan ba, duk ranar da aka zo rage ɓangare, kamar mayar da 2/4 zuwa 1/2, ko neman LCM, wato mafi ƙanƙantar lambar da lambobi biyu za su raba ba saura, zai tsaya ƙirga yatsu har a kaɗa ƙararrawa.

Inda nake so ki daɗe shi ne ɓangarori, ko da za su ci miki mako huɗu. A nan kina da gata, domin yaran da ke zuwa Islamiyya sun saba jin rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni a rabon gado. Ki kawo misalin mamacin da ya bar 'ya'ya: matarsa na da sumuni, 1/8, mahaifiyarsa na da sudusi, 1/6. Gida nawa za a raba dukiyar kowa ya samu nasa ba tare da an fasa kashi ba? Gida 24: mata ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4. Malaman gado na kiran 24 ɗin nan asalin mas'ala, kuma ita ce LCM ta 8 da 6. A ganina wannan ya fi misalan yanka kek da ke cike da littattafan da ake kawo mana.

Ki yi bayani da Hausa har su gane, sannan ki rubuta kalmar Turancin a allo su kwafe, domin jarrabawar BECE da za su zauna a ƙarshen aji uku da Turanci take zuwa. Lissafin tushe biyu, na sifiri da ɗaya, kwana biyu sun ishe shi idan gurbin lamba ya zauna, saboda haka kada ya tsorata ki ki yi gaggawa. Littattafai 80 kuma ba za su dubu kullum ba: su yi musayar littafi su duba wa juna a aji, ke ki ɗauki goma ki tafi da su, gobe wasu goma. A littafin rikodin aiki ki rubuta abin da kika koyar da gaske, ki maƙala sakamakon tambayoyi biyar ɗin a ciki. Bayan mako shida ki sake ba su makamantansu da wasu lambobi, ki nuna wa shugaban makaranta takardun biyu, ki kuma matsar da duk yaron da ya cancanci rukuni na gaba.