Likita, wai gidan da mutum yake ciki yana iya sa shi ciwo?

Tambaya: Likita yarona ɗan shekara 5 ne, tunda muka koma wani ɗaki mai danshi bangon duk ya yi baƙi-baƙi, kullum da daddare sai tari, ƙirjinsa har ƙara yake yi, mun ba shi siraf kala-kala ba sauƙi.

Amsa: Sannu da jinya Malama, Allah ya ba shi lafiya. Wannan baƙin da kike gani funfuna ce, kuma shaƙarta na tayar da asma musamman ga yara, siraf ɗin tari ba zai yi mishi komai ba. Ki kai shi asibiti a saurari ƙirjinsa, idan asma ce za a ba shi inhela, wato maganin da ake shaƙa ta baki. A gida kuma ki janye katifarsa daga jikin bangon, a riƙa buɗe taga, a daina shanya jiƙaƙƙun kaya a ɗakin, sannan a nemo inda ruwan ke yoyo a gyara don ko an shafa fenti za ta sake fitowa. In kika ga haƙarƙarinsa na lotsawa ciki in yana numfashi ko ya kasa magana, kar ki jira gari ya waye.

Tambaya: Wata 3 kenan ina shan maganin tarin tibi, mai gida ya ba mu notis za mu koma wani gari wajen 'yan'uwa, tunda na ji sauƙi zan iya dakatawa?

Amsa: A'a ɗan'uwa, don Allah kar ka dakata. Maganin tibi aƙalla wata 6 ne, sauƙin da ka ji ba warkewa ba ne, ƙwayoyin suna nan, kuma in ka yanke suna iya dawowa sun daina jin maganin, jinyar ta ƙara tsawo da wahala. Kafin ka tashi ka je inda kake karɓar magani su rubuta maka takardar canjin asibiti, ka riƙe katinka da isasshen maganin da zai kai ka. Wannan abin yana damuna sosai wallahi, saboda mutum bai ƙi magani ba, tashin gida ne ya watsa mishi komai, kati ya ɓace cikin kaya, ranar ganin likita ta wuce.  Hukumar Lafiya ta Duniya a 2018 ta fitar da ƙa'idoji kan muhalli da lafiya, a ciki ta danganta cunkoso a ɗaki da yaɗuwar tibi. To inda za ka sauka ka nemi wurin kwana mai iska, kuma iyalinka da kuka kwana ɗaki ɗaya a gwada su.

Tambaya: Duk lokacin da kuɗin haya ya gabato bana iya barci, kaina na ciwo, hawan jini ne?

Amsa: Ciwon kai kaɗai ba ya nuna hawan jini Hajiya, sai an auna. Amma fargabar da ta daɗe da rashin barci suna ɗaga jini da gaske. Ki auna a ranaku daban-daban kina zaune kin huta, in yana kai 140/90 ko sama ki ga likita, kuma ki gaya mishi maganar hayar, tana cikin abin da ya kamata ya sani.