Amsa ga ɗan'uwan da aka sace wa kare

Malam, Allah ya mayar da alheri. Ka ce an ɗauke maka karen da ke gadin gonarka, ka kai ƙara aka yi ta murmushi ana cewa "kare ne fa", kana tambaya ko akwai hukunci. Ni mafarauci ne shekara kusan 20, sau biyu ana yi min, bari in faɗa maka abin da na sani.

Na biyun ne ya fi ci min rai. Duna sunansa, baƙi ne da farin tabo a ƙirji, tun yana ɗan kwikwiyo nake ba shi koko a hannu, in ya tayar da zomo ba ya taɓa naman sai na iso. Da asuba na fito na ga igiya a yanke da guntun nama a ƙasa, ga sawun babur. Haka suke yi, su jefa nama da magani, kare ya yi laushi, a saka a buhu. Wallahi kwana uku yarana ba su ci abincin kirki ba, ƙaramin kullum sai ya leƙa ƙarƙashin rumbu.

Karen da aka sata ba ya kwana a gari. Akwai masu saye su kai manyan kasuwanni irin ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato, daga can a loda zuwa Kalaba da Akwa Ibom inda ake ci, har 404 suke ce masa. Ba wai 'yan kasuwar ɓarayi ba ne, sana'arsu ce, amma wa ke tambayar mai buhu ina ya samo? Don haka kar ka zauna jira, ka sanar da Sarkin Baka da mai unguwa yau ɗin nan, ka zaga tasha da hoton karen, in kana da katin allurar haukan kare na likitan dabbobi ka riƙe, shi ne shaidarka.

Batun hukunci kuwa, sata sata ce a dokar Penal Code, har ɗauri akwai. Matsalar sai an zo ƙiyasta kuɗi a yi maka lissafin nama, ba na shekara biyu da ka yi kana horo ba. A Ingila ma haka suka yi ta kuka ana ɗaukar kare kamar waya ko keke, sai a 2024 suka yi doka ta musamman, ɗaurin da zai iya kai shekara 5, kuma ana duba halin da dabbar ta shiga. Mu ko rabin wannan muka samu ai an rage.

Masu cewa me Musulmi zai yi da kare, hadisi ya halatta na farauta da kiwo da gona, a bar wannan maganar. Duna dai ban same shi ba, na makara da kwana biyu kafin in je tasha.