Tambaya da Amsa: Zanen girata ya koma ja, gilaikolik asid zai goge min shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min. Gab da bikina ƙawaye suka zuga ni na je aka min zanen giran nan na allura da ake cewa maikurobiladin, wai in huta da jagira kullum. Yanzu an fi shekara, kalar ta juya ta koma ja-ja kamar tsatsa, ga ta hagu ta fi ta dama tsayi. Wata mai sai da kayan gyaran jiki a Instagram ta ce in sayi gilaikolik asid mai kashi 50 in dinga gogawa da auduga kullum da daddare, wai sati biyu zai fita tas. In saya? Ƙanwarki ce daga Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Dan girman Allah kar ki saya. Mai kashi 50 ba na shafawa a ɗaki ba ne, na hannun likita ne, shi ma mintoci kaɗan yake barinsa a fuska yana tsaye a kanki yana kallon fatar, sannan ya sa abin da zai kashe ƙarfinsa ya wanke. Ke kuma an ce ki kwana da shi, a kan gira, dab da ido. Haba.

Shi gilaikolik asid ɗin ba mugun abu ba ne fa. Asalinsa a jikin rake ake samunsa, aikinsa shi ne ya sassauta matattun ƙwayoyin da ke saman fata su zube da wuri, shi ya sa yake taimakawa wajen tabon ƙuraje da laushin fuska. To amma a sama yake aiki. Kin ga lalle ai, in aka miki, saman fatar yake rinawa, sati biyu uku ya bi tsohuwar fatar ya tafi ko ba ki yi komai ba. Zanen allura ba haka ba ne, ƙananan allurai ne a jere ake tsaga fatar da su a cusa tawadar a shimfiɗa ta biyu, can inda ƙananan jijiyoyin jini suke, shi ya sa ma wasu suke ganin ɗan jini ranar da aka musu. Abin da aka shafa daga waje da ƙyar yake kai wa nan, in kuma ya kai to ƙona ki ya yi kafin ya kai.

Kuma wallahi ƙunar ita nake jiye miki. Mu masu duhun fata da zarar wuri ya ji ciwo sai ya warke da baƙin tabo da zai iya kai wata da watanni bai tafi ba, wani lokacin kuma ya bar fari fat, in ciwon ya yi zurfi gashin girar ma ba lallai ya dawo a wajen ba. In kina cikin waɗanda tabonsu ke tsirowa ya yi tudu, irin wanda ake gani a kunnen wasu bayan huji, to ke ko cirewar ƙwararru sai likita ya duba ki tukuna.

Jan da kike gani ma yana da dalili. Kalar ruwan ƙasa da suke amfani da ita haɗi ce ta baƙi da ja da rawaya, yawanci da sinadarin tsatsar ƙarfe a ciki, sai mai duhun ya riga dusashewa ya bar jan. Wato zanen da kansa yana kan hanyar tafiya, galibi tsakanin shekara 1 zuwa 3 yake koɗewa, duk da in hannun mai yin ya yi nauyi yakan bar inuwa.

In kina so ki ɗan taya shi, ki nemi mai sauƙi, kashi 5 zuwa 10, mai lambar NAFDAC, ki fara da dare biyu ko uku a sati, ki ɗiga a tsinken auduga ki bi kan zanen kawai, kar ya gangaro fatar ido. Da safe man kariyar rana dole, don asid ɗin yana sa rana ta fi cin fata, ga ranar garinmu kin san ta. Ki sa a ranki watanni za ki yi kuma ɗan haske kawai zai ƙara, ba gogewa ba. In kina shafa man bilicin ki dakata da wannan shawarar gaba ɗaya, fatar ta riga ta yi siriri.

Cirewa ta gaske iri biyu ce. Akwai wadda ake sa ruwan gilaikolik na musamman ko ruwan gishiri a injin zanen a shigar da shi cikin fatar, wurin ya yi ɓawo, in ɓawon ya faɗi da kansa sai ya tafi da wani kaso na tawadar, a jira sati 6 zuwa 8 a sake, kuma ba zama ɗaya ba ne. Ki tabbata a gabanki aka ɓare sabuwar allura, ciwon hanta da ƙanjamau ta allura suke bi. Sai kuma leza, wato na'urar da ke harba haske mai ƙarfi ya farfasa tawadar, wadda ta fi dacewa da fatarmu ita ce Nd:YAG mai lamba 1064, amma irin jan nan naki leza na iya mai da shi baƙi nan take, don haka a fara gwadawa a ɗan wuri a wutsiyar girar. Ni dai da za ki ji ta tawa, ki fara ganin likitan fata, akwai su a asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Shika a Zariya, kafin kowa ya sake taɓa miki fuska. Kafin nan jagira mai duhu da ɗan konsila za su rufe miki jan su daidaita tsayin.

Tambaya: Anti ni kuma kwana biyar kenan da aka min zanen girar, ya yi baƙi ƙirin har kunyar fita nake. In goga lemon tsami da gishiri, ko man bilicin?

Amsa: A'a 'yar uwa, ko ɗaya. Haka yake yi a satin farko, zai yi ɓawo ya zube kalar ta sauka sosai, sai bayan sati 4 zuwa 6 za ki ga ainihin yadda zai zauna. Yanzu ciwo ne a buɗe, lemon tsami da gishiri za su ƙara masa zurfi ne kawai, man bilicin kuma launin fatarki yake ragewa ba tawada ba, sai gefen ya yi haske zanen ya ƙara fitowa. Kar ki ɓanɓare ɓawon ko yana miki ƙaiƙayi. In kika ga kumburi na ƙaruwa, ko yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya kama ki, ki tafi asibiti a ranar.