Fatawa: Sallar mai wuni a gandun daji da ta mai zuwa ziyarar dangi

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin unguwar Bronx ne a birnin New York, sana'ata tuƙin tasi. Likita ya ce in riƙa motsa jiki saboda hawan jini, don haka ranar da ba na aiki nakan ɗauki iyalina mu tafi ɗaya daga cikin gandayen dajin da gwamnatin jiha ta keɓe don shaƙatawa, galibi Harriman ko Bear Mountain, jefi-jefi kuma Minnewaska. Mukan ajiye mota mu shiga daji da ƙafa, mu hau duwatsu, mu dawo gida da yamma ko bayan Magariba. A can nakan yi ƙasaru, domin na bar gari kuma wahalar ta kai ta tafiya. Amma idan na je Baltimore wajen Yayana, inda Hajiyarmu take zaune yanzu, nakan cika sallah ko da kwana biyu zan yi, tunda gida na zo. Wani abokina ya ce duka biyun ban yi daidai ba, har ya ce tafiyar shaƙatawa ba ta da wani rangwame. Mene ne gaskiyar magana, kuma yaya zan yi da sallolin da suka wuce?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara lafiya, ya ja da ran Hajiya. Abokinka ya yi gaskiya a rabin maganarsa. Juya abin ka yi: inda ya kamata ka cika a nan kake ragewa, inda aka sunnanta maka ka rage a nan kake cikawa. Abin da ya jawo haka shi ne ka auna tafiya da yadda jikinka da zuciyarka suka ji, alhali shari'a ta rataya ƙasaru ne a kan nisan wurin da ka nufa da kuma tsawon zaman da ka ƙudurta yi a can. Gajiya ba ta mayar da mazaunin gida matafiyi. Manomin da ya wuni yana huɗa a bayan gari ya fi mai tafiya a jirgin sama jigata, amma manomin raka'a huɗu zai yi, na cikin jirgi ya yi biyu.

A mazhabar Imamu Malik, wadda mafi yawan mutanenmu suka tashi a kanta, nisan da ake ƙasaru a cikinsa shi ne baridi 4, wato mil 48 na ma'aunin malaman da. Haka Ibnu Abi Zaid ya kawo a Risala. A Muwaɗɗa an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas yakan yi ƙasaru a nisa kamar tsakanin Makka da Ɗa'ifa, ko Makka da Usfan, ko Makka da Jidda, Malik ya ce wannan baridi 4 ke nan. Shafi'iyya da Hanbaliyya ma a kan wannan suke. Malaman zamani sun kimanta shi da kilomita 80 zuwa 89, wato aƙalla mil 50 a irin milin da ke rubuce a allunan titunan Amurka. Zuwa kaɗai ake ƙirgawa, ba a haɗa shi da dawowa, kuma awon yana farawa ne daga inda gine-ginen gari suka ƙare.

Harriman babban daji ne, shi ne na biyu a girma cikin gandayen jihar New York, yana da turbobin tattaki da tsawonsu ya haura mil 200. Amma girman dajin ba ya ƙara nisansa daga gidanka, kuma bakinsa na kudu bai wuce mil 30 da 'yan kai ba daga birni. Bear Mountain ya ɗan fi shi nisa, duk da haka daga Bronx bai cika mil 50 ba. Kewayen da kuke yi a cikin daji, ku hau dutse ku gangaro ku dawo inda kuka ajiye mota, shi ma ba a tara shi a kan nisan hanya. A waɗannan wurare biyu kai mazaunin gida ne, Azahar da La'asar huɗu-huɗu za ka yi. Minnewaska kuwa ya haura mil 70 daga inda kake, ya wuce iyakar ba tare da shakka ba. Idan can ka nufa tun daga gida, ƙasaru sunna ce a gare ka da zarar ka bar gine-ginen gari, ko da a ranar za ka dawo, domin kwana ba sharaɗi ba ne. Anas ɗan Malik ya ce ya yi Azahar tare da Annabi (SAW) a Madina raka'a huɗu, ya yi La'asar tare da shi a Zul Hulaifa raka'a biyu. Buhari da Muslim suka ruwaito.

Na san akwai malamai, kamar Ibnu Taimiyya, da suka ce ba a ƙayyade tafiya da mil, al'ada ce take faɗin abin da ake kira tafiya. Ko a kan wannan ra'ayin ba ka tsira ba, domin wanda ya karya kumallo a gida ya dawo ya ci tuwon dare a gida daga wuri mai nisan awa guda, mutane ba sa ce masa sannu da hanya.

Sauran rabin maganar abokinka tana da asali, sai dai ya faɗaɗa ta. Shehu Halil a Muhtasar ya ce ƙasaru sunna ce ga matafiyin da ba mai saɓo da tafiyarsa ba, kuma ba mai wargi ba. Masu sharhi suka buga misalin mai wargi da wanda ya fita farauta don nishaɗi kawai, ba ya bukatar naman, suka ce ƙasaru makaruhi ce a gare shi. To, abin dubawa shi ne ko fitarka ta shiga wannan babin. Ni abin da na rinjayar shi ne ba ta shiga ba. Mutumin da yake wuni a zaune bayan sitiyari, likita ya umarce shi da tattaki, ya kuma fitar da matarsa da 'ya'yansa daga ƙuncin ɗakin haya su sha iska, wannan yana kula da amanar jikinsa ne da haƙƙin iyalinsa. Allah ya ce a Suratul Ankabut, aya ta 20, a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ya fara halitta, a Suratul Gashiya kuma ya ja hankalinmu ga duwatsu yadda aka kafa su. Annabi (SAW) da kansa ya hau dutsen Uhudu tare da Abubakar da Umar da Usman. Hanbaliyya sun fito fili sun ce ana ƙasaru a tafiyar halal ko da ta buɗe ido ce, Hanafiyya kuwa ba sa ma duba dalilin tafiyar. Abin da zai ɓata ta shi ne a tafi don aikata haram, ko a mayar da ita hanyar tozarta sallah.

A nan ne ma na fi ji maka tsoro. A ƙarshen Nuwamba da cikin Disamba, Azahar takan shiga a New York kafin ƙarfe 12, La'asar jim kaɗan bayan ƙarfe 2, rana ta faɗi wajen 4:30. Salloli uku ke nan cikin abin da bai kai awa biyar ba, kuma duka za su iya riskarka a kan turba. Kada ka ce sai an koma mota. Ka fita da alwala, ka ɗauki ruwan da zai ishe ku sha da tsarki. Ruwan ƙorama da na tafki mai tsarkakewa ne, laka ko gansakuka da suka sauya launinsa ba sa hana alwala da shi. Idan ruwan ya yi nisa har kana tsoron fitar lokaci, ko wanda ke hannunka na sha ne kawai, ko sanyi ya kai inda taɓa ruwa zai cutar da kai, sai ka yi taimama. A mazhabar Malik dutse ya wadatar ko da babu ƙura a kansa, amma ba a yi da itace. Alƙibla daga New York tana arewa maso gabas, kusan digiri 58, wayarka za ta nuna maka. Sallah da takalmi ta halatta idan babu najasa a jikinsa, Anas ya tabbatar da cewa Annabi (SAW) yana yi. Kuma tunda mutanen can ba sa rabuwa da karnuka a irin waɗannan wurare, ka sani a wurin Malik yawun kare mai rai ba najasa ba ne, idan ya shinshini wandonka ko ya lasa sallarka ba ta ɓaci ba, kodayake Shafi'iyya sun saɓa.

Ka yi kiran sallah a can ko da kai da iyalinka ne kaɗai. Abu Sa'idil Khudri ya gaya wa wani mai son kiwo da zaman daji cewa ya ɗaga murya da kiran sallah, domin babu aljan ko mutum ko wani abu da zai ji iyakar muryar ladan face ya yi masa shaida ranar Alƙiyama, ya ce daga Manzon Allah (SAW) ya ji. Yana cikin Buhari. Idan bukata ta kama wani a cikinku, a nisanci turba da inuwar da mutane ke hutawa, hadisin Muslim ya kira yin bayan gida a waɗannan wurare abin da ke jawo tsinuwa. Ranar Juma'a kuwa ka bar fita daji: fita bayan alfijir makaruhi ne, bayan rana ta karkata haramun ne ga wanda Juma'a ta wajaba a kansa, sai in ya tabbata zai same ta a hanya.

Tafiyar Baltimore ta haura kilomita 300, kuma tafiya ce ta ibada, domin gaida mahaifiya da sada zumunci. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, Annabi (SAW) kuma ya ce wanda yake son a yalwata masa arziki a jinkirta masa ajali to ya sada zumuncinsa. Kalmar "gida" ce ta ruɗe ka. Abin da yake yanke hukuncin tafiya a mazhaba shi ne mutum ya shiga garin da yake zaune, ko garin da ya riƙa a matsayin mazauninsa na dindindin bai kuma yi ƙaura daga gare shi ba, ko garin da matarsa wadda suka tare take, ko ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku. Gidan wa ko na uwa ba ya cikin wannan lissafi idan kai ba ka taɓa mayar da garin mazauninka ba. A Baltimore kai baƙo ne a shari'a, komai yawan tuwon da Hajiya za ta tura maka.

Kwana huɗun nan yana da yadda ake ƙirga shi. Ranar da ka shiga bayan alfijir ba ta cikin lissafi, haka ranar da za ka fita, kuma sai zaman ya ƙunshi salloli 20. Hujjar malamai ita ce Annabi (SAW) ya yi wa Muhajirai izinin zama a Makka kwana 3 bayan gama aikin Hajji, wanda ya nuna kwana 3 bai fitar da mutum daga sunan matafiyi ba. Ɗauki hutun Thanksgiving, wanda ke faɗowa a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, lokacin da aka fi yin irin wannan ziyara a can. Idan ka isa Laraba da dare da niyyar juyowa Lahadi da hantsi, cikakkun kwanakinka Alhamis da Juma'a da Asabar ne, uku ke nan, sai ka yi ta ƙasaru har ka dawo. Idan kuwa ka ƙudurta sai Litinin da safe za ka taso, kwana 4 sun cika, daga isarka za ka fara cikawa. Wanda bai san ranar komawarsa ba, kamar mai jinyar da yake cewa gobe ko jibi, yana ƙasaru ko da ya daɗe. Hanafiyya sun sa iyakar a kwana 15, kada ka yi mamaki idan ka ga 'yan'uwa 'yan Pakistan ko Turkiyya suna yin haka.

Idan ka bi limami mazaunin gida, a masallaci ko Yayanka ne ya ja ku a falo, huɗu za ka yi tare da shi. Abdullahi ɗan Umar yakan yi huɗu a bayan liman a Mina, idan ya yi shi kaɗai ya yi biyu. Juma'a ba ta wajaba a kanka a can matuƙar kana matafiyi, amma ka je, ta isar maka a madadin Azahar.

Haɗa salloli biyu kuwa na kan hanya ne. Idan rana ta karkata kana wurin hutawa a bakin babbar hanyar I-95, kuma ka san ba za ka sake tsayawa ba sai bayan faɗuwar rana, ka yi Azahar da La'asar tare a nan. Idan ta karkata kana cikin tuƙi kuma za ka tsaya kafin rana ta yi fatsi-fatsi, ka jinkirta Azahar ka haɗa su a lokacin. Ba a haɗawa a gida kafin a tashi, kuma idan ka sauka a gidan Yayanka kowace sallah a lokacinta za ka yi ta, raka'a biyu-biyu ban da Magariba.

Game da abin da ya wuce, sallolin da ka cika a Baltimore sun inganta, sunna ka bari, babu ramuwa a kanka. Waɗanda ka rage a daji su ne ke bukatar lissafi. Shehu Dardir a sharhinsa na Muhtasar ya bayyana cewa wanda ya yi ƙasaru a mil 35 na ma'aunin malaman da ko ƙasa da haka sallarsa ta ɓaci, wanda ya yi a mil 40 zuwa sama babu ramuwa a kansa duk da bai kamata ya yi ba, abin da ke tsakani kuma zance mafi ƙarfi shi ne ta inganta. A lissafin yau iyakar mil 35 ɗin tana wajen kilomita 60. Ka buɗe taswira a wayarka ka auna daga ƙarshen gari zuwa wuraren da ka saba ajiye mota. Duk wanda bai kai kilomita 60 ba, kamar mashigar Harriman ta kudu, ka kirdadi yawan Azahar da La'asar da ka rage a can gwargwadon abin da ya fi rinjaye a zatonka, ka rama su huɗu-huɗu, Uwargida ma haka idan ta bi ka a kai. Na Minnewaska babu komai a kansu. Babu zunubi a kanka in Allah ya so, tunda bisa kuskuren fahimta ka yi, amma ka fara ramuwar ba tare da jinkiri ba.

Allah ne mafi sani.