Ciwon baya a shagon ɗinki: raki ne ko teburi ne?

Tambaya: Ina da shagon ɗinki a Asawase, Kumasi, da yara tara masu koyo. Matan ne kullum ke kukan ciwon baya da wuyan hannu, mazan kuwa shiru. Abokin aikina ya ce raki ne kawai. Me zan koya musu?

Amsa: Malam, kafin ka yarda da abokinka, ɗauki tef ɗinka ka auna teburin yanka. Na tabbata kafinta daidai tsayinka ya yi shi. A matsakaici mace ta gaza namiji da sama da santimita 10, teburin yanka kuma ya kamata ya tsaya ɗan ƙasa da gwiwar hannun mai aiki. In ya yi mata tsawo, wuni za ta yi kafaɗa a ɗage, da yamma wuya ya sage. Almakashi ma haka: babba ne a hannunta, dole ta ƙara matsawa. Matsewar jijiyar wuyan hannu ta fi kama mata kusan ninki uku, juna biyu kuma na tsananta ta. Alamarta ita ce babban yatsa da manuni da na tsakiya su riƙa mutuwa da dare. Wadda ta ji haka ta je asibiti, man zafi ba ya maganinta.

Wannan na halitta ne. Akwai kuma wanda mu muka ɗora, shi ne na fi so ka duba. Wa kake ba ɗinkin maɓalli, kalmasa da jera duwatsu, aikin da ake yi a sunkuye awa huɗu ba motsi? Wa kake aika kasuwar Kejetia sayen zare? Yaron da ya tafi aike ya miƙe bayansa bai ma sani ba. Yarinyar kuwa in ta tashi, wanki da ɗebo ruwa da dakan fufu na jiranta a gida, jijiya ba ta samu ta huce ba gari ya waye.

Shirun mazan ma kada ya ruɗe ka. An raine su a kan namiji ba ya raki, ga shi su ke ɗaukar dilar yadi da janareta. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ba da ma'aunin nauyin da za a ɗaga: kilo 25 ga namiji, 16 ga mace, shi ma sai kayan na daidai ƙugu, manne da jiki.

Darasin kuwa a bakin keke za ka yi shi. Kowa ya auna ɗan'uwansa daga ƙasa zuwa gwiwar hannu, a rubuta. Gajere a sa masa katako ya taka, dogo a ɗaga masa teburi. A riƙa karɓa-karɓa da ayyuka, duk rabin awa a tashi a miƙe. Ka tambaye su inda ke musu ciwo ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban jama'a ba. In kana da ma'aikaciya mai ciki, dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ba ta hutun haihuwa na aƙalla mako 12, ta kuma hana sa ta aikin dare ba da yardarta ba, ko da ɗinkin sallah ya taru.