Musayar mota alhali da sauran bashi a kanta

Kana tambaya ko ba da tsohuwar motarka a musaya zai rage abin da kake biya duk wata. Ya danganta da kuɗin da dila ya yi mata da sauran bashin da ke kanta. In kuɗinta ya fi bashin, rarar ta zama kafin alƙalami, sabon rancen ya ragu. In bashin ya fi, gibin ba ya ɓacewa, yawanci a kan sabon rancen ake ɗora shi, ka riƙa biyan kuɗin ruwa kan motar da ka rabu da ita.

Ka lura da tsawaita biya, misali daga wata 48 zuwa 72: na wata ya yi sauƙi, jimilla ta kumbura. Sa bankin ya rubuta maka adadin da zai rufe tsohon bashin, in yarjejeniyar ta shige maka duhu, nuna wa lauya kafin ka sa hannu.