Yadda za ka hana ƙararrakin ƙauye rushewa a kotu

Malam, ka ce an ba ka jagorancin sashen binciken manyan laifuka a ofishin mai gabatar da ƙara, kuma fayilolin da ke zuwa daga ƙauyukan Haɗeja da Gumel sai su rushe a kotu. Allah ya taya ka riƙo.

'Yan sanda ne ke bincike, naka shi ne auna ko hujjar za ta tsaya gaban alƙali. Ikon shigar da ƙara ko janye ta na Antoni Janar ne, wato babban lauyan gwamnatin jiha, bisa sashe na 211 na Kundin Tsarin Mulkin 1999.

Inda aka fi faɗuwa shi ne dogaro da "ai ya amsa laifinsa". Manomi ya yi bayani da Hausa, an rubuta da Turanci, ya dangwala yatsa, babu sunan tafinta. Ranar shari'a ya ce dukansa aka yi. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 bai yarda da iƙirarin da aka samu ta azabtarwa ba. Don haka nemi rahoton likita, da makamin da aka kama (misali adda) an yi masa lamba, da shaidun gani da ido. A rikicin manoma da makiyaya, a ɗauki bayanin shaidu da wuri, kafin a tashi da shanu. Mai unguwa zai taimaka a nemo su, amma kada ya zaɓa maka.

Don Allah kada fayil ya daɗe a teburinka alhali bawan Allah na tsare yana jiran shari'a. In batun kisa ne, nemi likitan binciken gawa, kuma ka tuntuɓi Daraktan Gabatar da Ƙara kafin ka sa hannu.